Kurakuran da ke fasa tukunya tun kafin ta ga wuta

Idan aka buɗe tanderu aka tarar kaya sun fashe, wuta ake fara ɗora wa laifi. Amma sau da yawa ɓarnar ta riga ta auku tun kwanaki kafin a hura wutar, a wurin haɗa yumɓu ko wurin shanya.

Sabon magini yakan ɗebo yumɓu ya kwaɓa nan take ya hau gini. Yumɓu yana son a jiƙa shi ya kwana, a dama, a tace da rariya. Abin da ya fi tsakuwa haɗari shi ne ɗan farin dutsen nan irin wanda ake yin siminti da shi. Tukunya za ta fito daga wuta lafiya lau, sai bayan kwanaki dutsen ya sha damshin iska ya kumbura, ya ɓalle mata gefe a hannun wanda ya saya. In kuma yumɓun ya cika danƙo, a zuba masa dakakken tsingaro ko yashi mai laushi, don ya rage tsukewa. Mai aiki a masana'anta, inda ake son murfi ya zauna daidai kan kwano, kada ya yi ƙiyasi da ido: ya murza ɗan sandan yumɓu, ya ja layin santimita 10, ya auna bayan ya bushe, ya sake aunawa bayan gashi. Yumɓu mai laushi yakan tsuke da kashi 10 cikin 100 ko fiye.

Wajen gini, kuskuren da aka fi yi shi ne gindi ya yi kauri, baki ya yi siriri. Bakin zai bushe ya tsuke alhali gindin yana ɗanye, sai tsaga ta biyo. Haka ma hannun buta ko na kofi da aka liƙa bayan jikin ya riga ya bushe, ba ya kai labari. A karce wurin, a shafa ruwan yumɓu, a haɗa su suna da damshi ɗaya.

Shanya ita ce inda gaggawa ta fi cin mutane. Da hunturu, iskar kaɗai ta isa ta tsaga randa cikin dare guda, balle a kai ta rana. A rufe kaya da leda ko jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa, in baki ya yi ƙarfi a kife su gindin ma ya sha iska. Da damina kuwa kaya sukan nuna sun bushe alhali da saura. Ka kanga tukunyar a kumatunka. In ka ji sanyi, kada ka sa ta a wuta. Ana yawan cewa iskar da ta maƙale a cikin yumɓu ce ke tarwatsa tukunya. Cuɗa yumɓu sosai wajibi ne, amma mai fasa kaya na gaskiya shi ne ruwan da ya rage a ciki, wanda ke zama tururi da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Celsius. Don haka sa'o'in farko wuta kaɗan-kaɗan ake yi, a bar kafar da tururi zai fita. Akwai wani mashigin a digiri 573, inda yashin cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, ya kuma tsuke a daidai nan wajen hucewa. Wanda ya buɗe tanderu da zafinsa don ɗokin ganin kaya, shi ya tsaga su da hannunsa.

Sai maganin sheƙi, wato abin da ake shafa wa kaya ya narke a wuta ya zama kamar gilashi. A goge shi daga gindin kwano kafin gashi, in ba haka ba kwanon ya manne da kantar da aka ɗora shi a kai. Abin da ya fi damuna shi ne masu haɗa shi da dalmar tsohon batir don ya narke a ƙaramar wuta. Abinci mai tsami, kamar kunun tsamiya, yana tsotso dalmar daga jikin kwano. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da wannan ba. Kuma ba kowane kaya ke son sheƙi ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Tulunanta da aka shafa wa sheƙi aka gasa a babbar wuta sun zama kayan ado masu daraja, amma sun daina sanyaya ruwa, domin tsattsafowar da randa ke yi ita ce ke kawo sanyin.

Ƙurar busasshen yumɓu tana taruwa a huhu, kuma ba ta fita. Kada a share ɗakin aiki a bushe. A yayyafa ruwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, mai daka tsingaro da mai haɗa garin sheƙi su sa takunkumin da ke tare ƙura sosai, ba ƙyallen da aka ɗaura a hanci ba.