Yadda za ka ba yara aikin gida su yi da kansu, kai ma makin bai kashe ka ba

Ƙanena ya gama NCE a FCE Katsina, aka ɗauke shi koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, sati biyu da farawa sai ga shi da buhun littattafai a bayan mashin wai Yaya ya kuke yi ne. Aji uku gare shi, kowanne yara tamanin, ya ba su asaimen tambaya goma goma. Na ce mashi kai da kake malamin lissafi lissafa mana, littafi 240 ko minti biyu biyu ka ba kowanne awa takwas kenan, yaushe za ka ci tuwo? Abin da na gaya mashi ranar shi zan rubuta nan, ko wani sabon malami zai amfana.

Da farko dai rage tambayoyin. Uku sun isa, ɗaya mai sauƙi wadda ko na bayan aji zai iya, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya mai sa yaro ya ɗan sosa kai. Mu malamai mun iya cewa yaran yanzu ragwaye ne, kuma akwai ragwayen ban musa ba, amma ka bi yaro ɗaya ka ga yininshi: an tashi wajen ƙarfe biyu, ya tako a ƙafa cikin ranar nan ta Katsina, ya ci abinci sai islamiyya har dab da magariba, wani shago zai wuce ko gareji, wata talla za a ɗora mata ko ɗibar ruwa, da damina ga gona, dare ya yi kuma ba wuta. Aikin da ya wuce minti ashirin ba yi za a yi ba, kwafa za a yi.

Kwafar nan kuwa ita ce asalin ciwon. Akwai shekarar da nake makin na ga amsa 4.5 a inda ya kamata a ce 45, na wuce, na sake gani, na sake gani, sai da na ƙirga littafi talatin da ɗaya. Da na bi diddigi ashe yarinya ɗaya ce ta yi aikin kuma daidai ta yi, bironta ne ya yi dalala tsakanin 4 da 5, su kuma 'yan gindin bedi da ke kwafa kafin asembili suka ɗauka ɗigo ne suka yi ta dangwalawa. Wallahi na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma abin ya dame ni, don da biron bai zuba ba da duk na ba su maki cikakke.

Tun daga nan na koma ba da tambayar da ba ta kwafuwa. A lissafi sai in ce kowa ya sa lambarshi ta rijista a cikin tambayar, mai lamba 12 da mai lamba 57 amsarsu ba za ta taɓa zama ɗaya ba. In soshiyal kake koyarwa ce su tambayo kaka ko wani dattijon unguwa sunan ƙofar da ta fi kusa da gidansu, Ƙofar Ƙaura ce ko Marusa ko Guga ko Durɓi, da abin da aka gaya masu a kanta. Wannan ko yayanshi mai waya ba zai ciro mashi a intanet ba.

Wajen makin kuma kar ka ce sai ka duba komai. Monita ya tattara littattafai kafin asembili ba bayan ba. Tambaya ta ɗaya da ta biyu a yi musaya a aji, layin nan ya ba layin can, ka yi aikin a allo su duba wa juna, minti biyar an gama. Ta ukun ce taka, ita ma layi ɗaya ko biyu a rana kana juyawa, kada su san layin da za ka ɗauka. Kuma don Allah a daina kurus da jan biro kawai a wuce, rubuta mashi "ka manta aro a nan" ko "sake duba layi na biyu", da Hausa ma in ta kama. Littafi ya koma hannun mai shi washegari, in ya kwana bakwai a ofis yaro ya manta ma abin da aka tambaye shi.

Makin CA ɗin, wato makin ayyukan cikin zango da ake haɗawa da na jarrabawa, ko 30 makarantarku ke yi ko 40, ni rabin na aikin gida a gaban allo nake ba da shi. Ina da gwangwanin madara da na zuba lambobinsu a ciki, farkon darasi in zaro uku, wanda ya fito ya karɓi alli ya nuna mana yadda ya yi. Ko ya kuskure in dai ya iya faɗin hanyar da ya bi yana da rabonshi, wanda littafinshi tsaf amma ya tsaya yana kallon silin shi ne ba shi da komai. Gwangwanin nan ya fi bulala tada na bayan aji, har 'yan matan da ba su ɗaga hannu sun fara magana. In Turancin ya maƙale bari ya faɗa da Hausa, sannan ku maida tare, tunda WAEC da NECO da Turanci za su tambaye shi.

Wanda bai yi ba sau ɗaya ka ƙyale, sau uku kira shi gefe lokacin hutun tara ka tambaya, ba a gaban aji ba. Wani za ka tarar littafin ne ya cika babu kuɗin sabo. Maki kuma shigar da shi ranar da ka bayar, kar ka bari sai ƙarshen zango kana ƙirƙiro lamba daga ka fom-masta na tsaye a kanka.

Shi ƙanen nawa buhun nan dai sai da muka raba shi biyu muka kai sha ɗayan dare a kai, tunda ya riga ya karɓa.