Kamara mai dogon zum da ƙananan tsuntsaye: kurakuran da ke sa hoto ya fito dishi-dishi

Wani ɗan yayata da ke aiki a Jidda ya yi watanni yana tara kuɗi, ya sayi irin kamarar nan mai dogon zum wadda ba a cire mata gilashi. Daren farko ya zuƙo wata, ramukansa suka fito tar, ya tura wa dangi kaf a WhatsApp. Ranar Juma'a muka hau Ɗa'if, ya tarar da kabare yana saƙar sheƙa a jikin wata ƙaya a hanyar Shafa, ya ɗauki hoto ya fi hamsin. Da muka zauna shan shayi sai ya miƙo mini kamarar rai a ɓace: "Kawu, duba mini, anya ba jabu aka sayar mini ba?" A kowane hoto ƙayoyin da ke bayan tsuntsun sun fito garau, har mutum zai iya ƙirga su, shi kuwa kabaren ya zama ɗigon rawaya kawai. Kamarar lafiyarta ƙalau. Abin da ya same shi ni ma ya same ni a farkon farawata, kuma na san zafinsa.

Yawancin waɗannan kamarori, irin su Nikon P900 ta 2015 mai zum sau 83, da P1000 ta 2018 mai sau 125, da Canon SX70 mai sau 65, hanya ɗaya suke bi wajen saita fokas. Suna matsar da gilashi gaba da baya, suna laluben inda haske da duhu suka fi rabuwa, sai su tsaya a nan. Kamarar ba ta san tsuntsu ba, bambancin haske kawai take gani. In ka haɗa mata ɗan gwara mai launin ƙasa da reshe mai ƙayoyi da rana ta haske, reshen za ta ɗauka, don shi ya fi fitowa a idonta.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan: barin kamara ta zaɓi wurin fokas da kanta. Haka take zuwa daga kanti, kuma haka ya dace da hoton biki ko na yara a bakin teku. Ga ƙaramin abu kuwa, shiga saitin AF, wato fokas ɗin da kamara ke yi da kanta, ka kashe neman fuska, ka zaɓi akwati ɗaya tak, mafi ƙanƙanta, ka ajiye shi a tsakiya. Ɗora akwatin a kan tsuntsun, inda ido ko baki ya bambanta da gashi, ka danna maɓallin ɗauka rabi, ka jira akwatin ya zama kore, sannan ka ƙarasa. Kada koren ya ruɗe ka. Ma'anarsa kamara ta kama wani abu, sai ka duba da idonka ko abin da kake so ne. In tsuntsun bai cika akwatin ba, bayansa zai riƙa shigowa ta gefe yana jan fokas. A nan sai ka sauko da akwatin kan reshen da ya taka, daidai ƙafafunsa, ka riƙe maɓallin a rabi, ka ɗaga kaɗan ka ɗauka. Reshen da tsuntsun nisansu ɗaya ne daga gare ka.

Na biyu kuma mutane kan yi mamaki in an faɗa musu: kusanci ya yi yawa. Duk lokacin da ka ƙara zum, mafi ƙarancin nisan da kamara za ta iya saita gani yana ƙaruwa. A ƙarshen zum, P900 na bukatar kusan mita 5, P1000 kuwa kusan mita 7. Ka tsaya taku uku daga furen wardi a gonakin Ɗa'if, ƙudan zuma na kai, ka zuƙo har ƙarshe, to gilashin zai yi ta safa da marwa har zuman ya tashi, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Ko ka ja da baya, ko ka rage zum. Alamar fure da ke jikin kamara, wadda ake cewa tana ɗaukar abu a santimita 1, a farkon zum kaɗai take kai wannan kusancin, inda inuwar gilashin ma takan rufe abin. Ga malam-buɗe-littafi ko fara, na fi samun biyan bukata da matsakaicin zum daga mita ɗaya ko biyu.

Akwai kuma gaggawar tura zum ƙarshe tun kafin a kama abin. A wannan tsawon, faɗin wurin da ke fitowa garau siriri ne ƙwarai. A mita 5 bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. In gilashin ya taso daga nesa, tsuntsun ma ba ya bayyana a allo balle kamara ta same shi. Fara da rabin zum, kama fokas, sannan ka ƙara ka sake dannawa. In ta ɓace maka gaba ɗaya, auna gindin bishiyar ko dutsen da ke daidai nisan, ta kama, ka dawo kan tsuntsun. Wasu kamarorin na da maɓalli a gefen gilashi da ke janye zum na ɗan lokaci ya mayar in ka saki. Mutane da yawa ba su taɓa danna shi ba.

Haske ma na da nasa. Ƙofar gilashin da ke f/2.8 a farko takan tsuke zuwa f/6.5 ko f/8 a ƙarshe, sensar kuma, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kamara, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, kusan milimita 6 ne faɗinta. Tsuntsun da ya shige inuwar magarya gab da magariba, ka haƙura da shi. Fito bayan hudowar rana, ka ba ta baya.

Sai wanda ya fi damun mu a ƙasar nan ta Saudiyya, wato ɗora wa fokas laifin da ba nasa ba. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi. In akwai wani abu da ya fito garau, ko ganye ko waya, to fokas ne ya kauce. In babu ko ɗaya, nemi dalili a wani wuri. Da rana tsaka a Jidda ko Makka, zafin da ke tashi daga kwalta da duwatsu yana sa iska rawa, irin kawalwalniyar da muke gani a hanyar Madina, kuma dogon zum yana tattaro wannan rawar duka ya zuba a hoto. Maganinta sammako da rage nisa. Girgizar hannu kuwa, juya zuwa S, saitin da kai ke zaɓar saurin ɗauka, ka ɗaga shi zuwa 1/1000 na daƙiƙa in haske ya bari, ka sa ido a ƙaramin madubin leƙe, ka manna gwiwar hannu a jiki ko ka jingina da mota. Ga kuma raɓa: ka fito da kamara daga mota mai sanyin iyakwandishan zuwa laimar bakin tekun Jidda, nan take gilashi ya yi gumi. Bar ta a jaka minti goma ko fiye ta saba da waje.

Tsuntsu a sama yana shawagi, gaskiya wannan iyakar irin fokas ɗin ce. Sony RX10 IV ta 2017 tana da wani tsari dabam mai auna nisa kai tsaye, shi ya sa ta fi bin abu mai motsi, amma zum ɗinta a sau 25 ya tsaya, kuɗinta kuma ba na wasa ba ne. Ban ga dalilin da mutum zai karyar da tasa don wannan ba. Ƙananan halittu suna da wurin komawa: zuma na dawowa fure, kabare na dawowa sheƙa. Koma MF, wato fokas na hannu, ka saita gani a wurin, ka kunna ɗauka a jere, ka jira.

Haka muka yi da la'asar ɗin. Muka ja da baya kamar mita takwas, don kada mu takura wa mai sheƙa, na ce masa, "Ɗana, auna bakin sheƙar, ka bar tsuntsun ya zo da kansa." Bai yi minti biyar ba kabaren ya sauka da ɗanyar ciyawa a baki. Cikin hotuna bakwai da ya ɗauka a jere, biyu sun fito har da ƙwayar idonsa.