Yadda ake tsayar da jini kafin a isa asibiti

Ana yawan tambayata abin yi idan haɗarin babur ya bar mutum cikin jini. Ga shi:

1. Tsayar da motocin da ke tahowa.
2. Kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya.
3. Sa leda a hannunka.
4. Danne raunin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa.

Hattara: don Allah kada a zuba ƙasa, toka ko fetur a ciwo.

5. In tsumman ya jiƙe, ɗora wani a kai. Kada ka cire na farko, jinin zai dawo.
6. Ɗaure da bandeji.
7. Lulluɓe mutumin da zane.

Ko ya roƙi ruwa kada a ba shi, wataƙila tiyata za a yi masa. In wuyansa ke ciwo, kada a motsa shi.