Yadda na samu aka zaunar da iyalina wuri ɗaya a jirgin sama

Da muka biya kuɗin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, kamfanin ne ya ɗauki nauyin saya mana tikitin jirgin saman da zai kai mu tashar da za mu hau. Da takardu suka iso, sai na tarar an warwatsa mu biyar a kujeru daban-daban, har da ɗiyata mai shekara 6 ita kaɗai can baya, abin da ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Na kira kamfanin jirgin sama, suka ce lambar da na ba su ba tasu ba ce. Ashe ta kamfanin jirgin ruwa daban take, wadda ake buƙata kuwa ita ce lambar ajiyar wuri mai haruffa da alƙaluma shida. Da na koma na karɓo ta, na gano cewa an raba mu gida biyu, kowane ɓangare da lambarsa, shi ya sa kwamfutarsu ba ta ɗauke mu a matsayin iyali guda ba. Na roƙi ma'aikaciyar kamfanin jirgin saman ta haɗa lambobin biyu, ta kuma rubuta shekarun yarinyar, ta kuwa yi.

Da yake tikitin na rukuni ne, ba a yarda mu canza kujera ba sai da aka buɗe rajistar shiga jirgi, awa 24 kafin tashi. Lokacin na cika na shiga ta waya, na zaɓi kujeru uku a jere da biyu a bayansu, yarinyar tana kusa da mahaifiyarta.