Yadda Mawaƙi Zai Gyara Furucin Baƙaƙe Don Kalmominsa Su Fita Sarai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan taro ranar walimar sauka ko daren Mauludi a ƙauyukan ƙasar Ringim ya san wannan matsala: muryar sha'iri da zaƙi, mandiri yana tashi, amma rabin baitin ba ya isowa kunne. Galibi laifin na baƙaƙe ne, domin wasali shi ake ja ya ɗauki karin waƙa, baƙi kuwa shi ke yanka kalma ya ba ta ma'ana.

A fara da baƙaƙen da suka fi wahala, wato ƙ da ts da ɓ da ɗ. Mai koyo ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa, ya ce "kara", sannan ya ce "ƙara". A ta biyu zai ji maƙogwaro ya rufe ya yi sama, muryar ta ɗauke ɗungurungum kafin wasali ya fito. Idan ya ce "gaba" da "gaɓa" kuwa, zai ji zakaran ya ɗan yi ƙasa wajen ɓ. Tun da waɗannan baƙaƙe suna tsinke murya, mawaƙi da yawa kan sassauta su don kada waƙa ta yi gargada, sai "baƙi" ya koma "baki", "ɓata" ta koma "bata". A ganina wannan ha'inci ne ga mai sauraro. Abin yi shi ne a furta su cikakku amma a gajarce, a bar wa wasali sauran lokacin.

Daga nan sai zancen lokaci, wanda nan ne 'yan amshi suka fi tuntuɓe. Baƙin farkon gaɓa ya riga bugun ganga da ƙiftawar ido, wasali ya sauka a kan bugun daidai. A gwada da tafi a hankali, ana cewa "tsa-ya", har sai an ji tafin ya faɗa a kan "a". Idan mutum biyar suna amshi, dole su rufe gaɓa tare, in ba haka ba "s" ɗin ƙarshen kalma kamar "takwas" zai fito sau biyar.

Baƙi mai ninki ba a ha'intarsa, domin "baba" daban, "babba" daban, kuma karin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, saboda haka wanda ya zubar da ninki ya karya ma'ana ya karya kari. Sauƙin da ke nan shi ne m da n da l ba sa kashe murya, ana iya riƙe su da kari kamar wasali, shi ya sa kalmomi irin "Annabi" da "salla" suke daɗi a bakin masu bege. Haka kuma a bambanta r ta "bara" yaron gida da r mai karkarwa ta "bara" irin ta almajiri.

Motsa baki kafin waƙa ba ya bukatar komai sai karangiyar nan ta yara, ta ƙato da kwaɗo da ƙoto, a fara a hankali sannan a ƙara sauri. Da hunturu a shafa man kaɗanya a leɓe, a kurkure dusar goro da ruwan ɗumi.

Wajen lasifika, mutanen Kano da Jigawa da leɓɓa biyu muke furta f, don haka ita da b sukan buga iska cikin makirufo su yi ƙara. A riƙe shi nesa da baki kamar faɗin tafin hannu, a ɗan karkata shi gefe. Ranar gwaji a tura wanda bai taɓa jin waƙar ba ya tsaya can ƙarshen fili, ya maimaita baitin da ya ji. Kalmar da ya kasa kamawa, a koma kanta gobe da safe.