Yadda na ceto wardin tsakar gidanmu daga baƙin tabo

Da ruwan Agusta ya zauna a Kaduna, sai ganyen wardina ya fara yin baƙaƙen tabo, ya koma rawaya, ya zube. Na ɗauka yunwa ce, na zuba taki. A banza.

Wani dattijo mai sayar da shuke-shuke a Unguwar Rimi ya duba ganye ɗaya ya ce, "Hajiya, funfuna ce, fantsamar ruwa ke yaɗa ta."

Na tsinke duk ganyen da ya kamu, har wanda ya faɗi ƙasa, na ƙone. Na rage rassan tsakiya don iska ta ratsa. Ban-ruwa kuwa sai a gindi, da safe. Da can yara da bokiti suke sheƙa masa ta sama da yamma. Ina fesa mankozeb, wato maganin funfuna, duk kwana 7, a lokacin da babu ruwa a jikin ganye.

Yanzu sabon toho ya fito tsaf.