Darasi na 9: Tafiyar Farko Kan Babur Daga Kano Zuwa Katsina

Mutum zai iya shekara goma yana hawa babur a cikin gari, amma ran da ya ɗauki hanyar wani birni sai ya ga kamar yau ya fara koyo. A cikin gari, bayan kowane ɗan lokaci akwai tsayawa, akwai mai faci a bakin titi. A kan babbar hanya kuwa daga kai sai mashin ɗinka, sai manyan motoci.

Mu ɗauki Kano zuwa Katsina. Nisan ya kai kamar kilomita 170. Idan ka fita ta Dawanau, za ka wuce Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya da Charanchi kafin ka shiga Katsina. Rubuta sunayen nan a takarda bi da bi, ka sa a aljihu. Duk garin da ka wuce, ka san abin da ya rage.

Shiri tun jiya ake yin sa

Kada ka bari sai safiyar tafiya. Kai babur wurin bakanikenka kwana ɗaya kafin nan, ka ce masa, "Oga, tafiyar nesa zan yi, duba min shi sosai." Ka tsaya a kansa, kada ka tafi shan shayi. A juye baƙin mai idan ya daɗe. A duba birkin gaba da na baya, da fulogi, da fitila da sigina. Sarƙa kuma a ɗaure ta daidai, a sa mata mai. Idan ta yi sako-sako tana iya zamewa kana cikin gudu, idan ta yi tauri da yawa tana iya tsinkewa.

Taya ita ce aka fi yi wa rowa. Tsuguna ka dube ta da kyau. In zanenta ya shafe ta zama sumul kamar tafin hannu, ko ka ga ƙananan tsaga a gefe, canza ta. Kuɗin sabuwar taya bai kai na ɗaurin karaya ba. Ka tafi da tub ɗaya, fulogi ɗaya, sifana da ɗan famfo.

Takardun babur da lasinka su kasance a jikinka, cikin leda saboda ruwa ko gumi. Lasin babur shi ne mai harafin A.

Hular kwano

Lokacin da aka fara tilasta sa hular kwano a Najeriya a farkon shekarar 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka riƙa kifawa a ka don kauce wa kamu. An yi dariya, amma kwalta ba ta san wasa ba. Nemi hula mai gilashi a gaba, ka ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba, ita ke riga mai ita faɗuwa. Sa takalmi sau-ciki, ba silifa ba. Idan babbar riga za ka sa don biki, naɗe ta a jaka, ka sa in ka isa, domin bakinta na iya shiga cikin taya.

A kan hanya

Fita bayan sallar asuba, da zarar gari ya yi haske. In lokacin hunturu ne kuma hazo ya rufe, jira ya ɗan washe, ka kunna fitila ko da rana ce. Dokar hanya ta ƙayyade wa babur kilomita 50 a awa ɗaya. Da wannan gudun, tafiyar za ta ci kusan awa uku da rabi, ban da hutu.

Abin da ya fi firgita sabon matafiyi shi ne tirela. Idan ta zo wucewa, iskarta takan ture babur gefe, sannan ta ja shi wajenta. Kada ka taka birki da ƙarfi. Rage mai, riƙe kan babur da hannu biyu, ka matsa dama, ka bar ta ta wuce. Kada kuma ka liƙe a bayanta: direban ba ya ganin ka, kai ma ba ka ganin ramin da ke gaba. Wajen shiga gari, musamman ranar kasuwa, sassauta saboda yara, awaki da masu talla.

Tsaya a Bichi ko Tsanyawa, sannan a Kankiya. Sauka, miƙe ƙafa, sha ruwa, injin ma ya sha iska. In ka ji ido na lumshewa, nemi inuwa a cikin gari ka huta. Ƙwaya ba ta maganin gajiya, ɓoye ta take yi. Sha mai tun tanki bai kai rizab ba, kuma kada dare ya same ka a hanya. Gaya wa na gida lokacin da ka tashi. Idan an yi haɗari, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Aikin ɗalibi

1. Rubuta garuruwan da ke tsakanin Kano da Katsina bi da bi.
2. Ka tashi ƙarfe 6:30 na safe, ka yi tafiyar awa uku da rabi, ka huta minti 20 sau biyu. Ƙarfe nawa za ka isa?